Zuwana na farko wajen likitan mata

Wallahi 'yan uwa mata abin nan bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ni dai da na je asibitin Shika a Zariya tambayoyi aka fara min, yaushe na ga al'ada ta ƙarshe, kwana nawa take yi, akwai ƙaiƙayi ko ciwon mara, to ki riƙe kwanan watan tun daga gida. Sai aka ja labule, nas na tsaye gefe, aka ce in kwanta in saki jiki. Ƙarfen da ake sawa a duba bakin mahaifa sanyi gare shi da ɗan takura, minti kaɗan an gama, budurwa ma yawanci ba a sa mata. Kuma in mace kike so ta duba ki, ki faɗa tun wajen yankar kati.