Talata: rutabaga da bok coi

Har yanzu tafin hannuna na dama zogi yake yi, kuma rutabaga ce ta ja mini.

Jiya ƙanwata ta kawo mini rutabaga biyu, wata ƙatuwar saiwa ce da ake dafawa kamar dankali, da ɗauri huɗu na bok coi, wani ganye dangin kabeji, ta ajiye ta yi tafiyarta. Yau da yamma na ce bari in gwada su. Rutabagar ta kai girman kan jariri, samanta shunayya-shunayya, ƙasanta ruwan ɗorawa, an lulluɓe ta da kaki don kada ta bushe a ajiya. Abin fere dankali ya bi ta kanta yana sulɓi kamar an shafa sabulu. Sai da na datse kanta da gindinta ta zauna daram a kan katako, sannan na riƙa bin bawon da babbar wuƙa daga sama zuwa ƙasa. Raba ta biyu kuwa sai da na danna da dukan nauyina.

Na yanka ta ƙanana-ƙanana, na zuba a ruwan gishiri, a raina na ba ta minti 15 kamar dankali. Nan na tafka kuskure. Ina ɗora tukunya na juya kan bok coi, na soya ɗauri biyu, na kwashe na rufe, ina jiran rutabaga ta nuna. Minti 20, cokali mai yatsu ya ƙi shiga. Minti 30, ya shiga da ƙyar. Sai da ta cika 40 ta yi laushi, launinta ya ƙara ja kamar na kabewa. Kafin nan bok coi ya gama mutuwa a kwano: ganyen ya yi laushi tuɓus, ruwa ya kwanta a ƙasa, ga wannan warin da kabeji ke yi in ya wuce wuta. Ashe rufewar da na yi ce ta ci gaba da dafa shi da tururinsa.

Abin dariyar shi ne 'yan gida ɗaya ne. Rutabaga 'yar haɗi ce, daga kabeji da farar saiwar nan da ake kira tanip aka same ta. Shi kuma bok coi jinsinsu ɗaya da tanip ɗin, sai dai shi an raya shi don ganye, ba don saiwa ba. Kenan kawunta ne. Amma kawu minti uku ya ishe shi, 'yar kuma sai an yi zaman jiranta. Sunansa ma daga yaren kudancin Sin yake, ma'anarsa farin kayan lambu, nata kuwa daga ƙasar Suwidin, shi ya sa a Ingila da sunan ƙasar suke kiranta.

Allah ya so na rage ɗauri biyu. Na ɓalle su kara-kara na wanke sosai, don yashi a gindin karan yake maƙalewa, na tsane su da tsumma. Na raba farin kara da koren ganye. Mai ya yi zafi sosai, tafarnuwa da citta suka shiga, kara ya bi su na minti biyu, ganye ko minti ɗaya bai cika ba na sauke. Wannan karon ya fito shar, karan yana ƙaras-ƙaras a baki, da ruwa-ruwa mai daɗi. Rutabagar kuma na tsiyaye ruwanta, na bar ta a wuta kaɗan ta sha iska, na murƙushe ta da bota da barkono baƙi. Tana da zaƙi-zaƙi, da ɗan ɗaci can ƙarshen harshe. Ni dai ta yi mini, har ta fi dankali rashin nauyi a ciki.

Maigida yana ɗanɗanawa ya ɗauko tarihi, kamar yadda ya saba. Wai a Jamus, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a hunturun 1916 zuwa 1917, dankali ya lalace a gona, Ingila kuma ta toshe musu hanyar teku, sai mutane suka koma cin rutabaga safe da dare, abin da a da dabbobi suka fi ci. Har yau da sunanta suke kiran wannan hunturu. Na ce masa, "Abban yara, a bakin abincina za ka kawo zancen yunwa?" Ya yi dariya ya ƙara cokali biyu.

Babban ɗana ya share bok coi tas. Autar kuwa ta sa rutabaga a baki ta yamutsa fuska ta ce, "Umma, wannan magani ne?" Ban tilasta mata ba, don akwai masu jin ɗacin dangin kabeji fiye da sauran mutane, a halitta abin yake.

Saura rutabaga ɗaya. Ita gasa ta zan yi ranar Alhamis da ɗan mai, in ga ko wutar tanda za ta ƙara fito da zaƙinta. Yankan kuwa na riga na gaya wa Maigida nasa ne.