Saƙon Godiya Bayan Rasuwar Ƙanenmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu, da matar marigayi, da marayun da ya bari, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin ƙanena, wanda wayar wutar lantarki ta zama ajalinsa a hanyarsa ta zuwa sallar Asuba, bayan iskar da aka yi cikin dare ta kayar da falwayar bakin layinmu. Waɗanda suka halarci jana'iza, da waɗanda suka yi zaman makoki tare da mu, da matan da suka riƙa aiko da kwanukan abinci har aka yi addu'ar bakwai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.

Baba mai gadin shaguna, kai zan fara ambata. Kai ka tsaya a bakin lungu da tocila kana ihu cewa wuta ce a cikin ruwan, kuma kai ka riƙe rigar yaron da ya zabura zai janyo marigayi. Da ba don Allah Ya sa kana wurin ba, da ba gawa ɗaya muka sallata ba. Haka ɗan acaɓan da ya gicciye babur ɗinsa ya tare hanya har aka kashe wuta. Har yau ba mu san sunansa ba. Duk wanda ya san shi ya isar mana da gaisuwa.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, mun gode da ka tausasa matasa. A ranar kowa sakatariyar ƙaramar hukuma yake nunawa da yatsa, saboda ita ce hukumar da ido ke gani, kuma shekarun baya wani aikin kansila ne ya kafa falwayoyin. Da an bar su sun tafi da fushin nan, da yanzu maganar beli muke yi.

Sai Barista, ɗiyar unguwar nan, wadda ta zauna da mu a zaure ba ta karɓi ko sisi ba. Zan faɗi abin da ta fahimtar da mu, don ba mu kaɗai ne ke kwana a ƙarƙashin ruɓaɓɓun falwayoyi ba.

Tun watan Nuwamba na 2013, lokacin da aka fara miƙa rarraba wuta daga PHCN, tsohon kamfanin wuta na gwamnati, ga kamfanoni 11, layukan da ke shiga unguwanni da gidaje suna hannun kamfanin kowace shiyya. Manyan layuka masu ƙarfin 132kV da 330kV kuwa na TCN ne, kamfanin da ke jigilar wuta daga tashoshin samar da ita. Ita ƙaramar hukuma, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, magudanan ruwa, tituna da fitilun kan titi, rajistar haihuwa da mutuwa, da makamantansu. Rarraba wuta ba ya ciki. Ke nan don kawai waya ta faɗi a ƙasar ƙaramar hukuma, wannan bai ɗora mata alhakin ran da aka rasa ba. Inda za ta shiga dumu-dumu shi ne idan wayar ta fitilun titi ce da take kula da su, ko ma'aikatanta ne suka yi haƙar kwata suka raunana gindin falwaya.

Na tambaye ta, to ai mu kansila ne ya kafa, kuma mu muka yi karo-karo muka sayi wayar. Ta ce abin da kotu za ta fi dubawa shi ne wa ke tura wuta a layin, wa ke kawo bil, wa ke da nauyin gyara, sannan ko an sanar da shi haɗarin ya yi biris. Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki, ta sha nanata cewa gyara ko sauya falwaya da waya da taransifoma aikin kamfani ne, ba na mai biyan kuɗin wuta ba. (Mun ji wannan muka kalli juna, muna tuna irin kuɗin da aka tatsa gida-gida.) Duk da haka ba ta cire ƙaramar hukuma daga lissafi ba tukuna, kuma ta yi mana kashedi: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, ga kuma takardar sanarwa da akan buƙaci a fara aikawa. Wanda ya tsaya jiran alƙawarin "za a duba" sai ya farga ƙofa ta rufe.

A nan ne sakataren ƙungiyar unguwa ya fitar da mu kunya. Daga cikin wani tsohon fayil ya zaro kwafin takardar koken da aka kai ofishin kamfanin kan falwayar da gara ta cinye, ga hatiminsu ga kwanan wata. Malam, sau nawa muka yi maka dariya kan tara takardu! Allah Ya biya ka.

Akwai 'yan'uwan da suka ce mu bar wa Allah. Mun gode, mun san don ƙauna kuka faɗa, kuma mun yarda kwana ne ya ƙare. Amma Liman ya tuna mana cewa haƙƙin marayu ba namu ba ne balle mu yafe shi, kuma ko kisan kuskure shari'a ta sa masa diyya. A kan wannan muka tsaya. Ba mu sa hannu a kowace takarda ba, kuɗin ta'aziyyar da aka aiko a ambulan ma sai da Barista ta tabbatar ba sulhu aka rubuta a kansa ba.

Yanzu an haɗa takardar asibiti da rahoton 'yan sanda, an kuma rubuta wa NEMSA, hukumar da ke duba ingancin kayan wuta, ta zo ta ga wurin. Abin da ya rage shi ne hotuna. Duk wanda ya ɗauki hoton falwayar a wayarsa, kafin faɗuwarta ko bayanta, don Allah kada ya goge. Ya kai wa Mai Unguwa. Ga kuma wasu falwayoyi biyu sun karkace a bayan makarantar allo, iyaye a ja wa yara kunne kafin a zo gyara.

Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari, Ya saka wa kowa da mafificin alheri.