Sojojin Bama (Burma) a kan tebur: yadda na koyi shafa musu fenti da laka

Ranar da Hajiya ta fara tarar da ni a kan wannan aiki, na duƙufa a gaban fitila da burushi a hannu, ina fama da wani ɗan mutum-mutumin da bai kai tsawon babban yatsana ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu kai da gemunka wasan 'yar tsana ka koma?" Na ce, "Hajiya, ai sojojin Bama ne." Ta matso ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na gama, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "To shi wannan a kwata ya kwana?"

Abin ya sosa mini rai, domin kwana uku na yi ina lafta wa sojan nan laka da hannuna, kuma a ganina ya yi kyau. Amma ta faɗi gaskiya.

A Nottingham ta ƙasar Ingila na tsinci wannan sha'awa lokacin da nake karatu. Garin shi ne cibiyar masu wannan harka: a nan kamfanin Games Workshop mai wasan Warhammer yake, a nan kuma Warlord Games yake, masu wasan Bolt Action na Yaƙin Duniya na Biyu. Yadda ake yi shi ne, mutum biyu su shimfiɗa fili a kan tebur mai ƙafa 6 a tsawo da 4 a faɗi, su jera itatuwa da gidaje da tuddai na kwali da soso, kowa ya kawo rundunarsa, a riƙa auna tafiya da tef ɗin awo, a jefa ƙwayoyi irin na lido don a san harbi ya samu ko ya kuskure. Sojojin kuwa ba a fente suke zuwa ba. Roba ce ruwan toka a maƙale a jikin firam, hannu daban, kai daban, wasu kuma na ƙarfe. Tsawon kowanne kusan milimita 28 ne. Kai za ka yanke su, ka haɗa, ka yi musu fenti. Da yawa daga cikin waɗanda na sani sun fi ɓata lokaci a fentin fiye da wasan kansa, ni ma haka na zama.

Kusan kowa a can Jamusawa ko Amurkawan da suka yi yaƙi a Nomandi ta ƙasar Faransa yake haɗawa. Ni kuwa a Kaduna na tashi, ina jin sunan barikin Dalet da na Kalapanzin, da barikin Chindit a Zariya, ban taɓa tambayar daga ina sunayen suka fito ba. Sai da na girma na gane duk daga yaƙin Bama, wato ƙasar da ake kira Myanmar a yau, aka kwaso su. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japanawa a can. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, na ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, saboda a ka ake ɗaukar kayan yaƙi a dajin da mota ba ta shiga. Daga cikin ta 81 aka cire birged ta 3, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojojin Najeriya, aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate, aka sauke su da jirage a bayan layin Japanawa a 1944. Su na ɗauri niyyar yi. Na sayi sojojin Birtaniya masu malafa guda 30, da alfadarai biyu, da jif ɗaya, na dawo da su gida a cikin akwati.

Aikin farko ba shi da daɗi, kuma ba shi da wuyar bayani. Ka kankare layin da injin zubi ya bari a jikin roba da bayan reza, ka wanke su da ruwan sabulu don maiƙo ya fita, ka manna, ka fesa fentin share fage wanda sauran fenti zai kama a kansa. Ina manna kowane soja a kan murfin kwalba don kada yatsa ya taɓa shi. Abu ɗaya da wani dattijo Bature ya nanata mini a kulob ɗinmu shi ne a tsinka fenti da ruwa har ya yi kamar madara, a shafa sau biyu ko uku. Na yi kunnen ƙashi a sojoji biyar na farko, na dumbuza musu fenti kai tsaye daga kwalba, aljihun riga da maɓallai duk suka nutse, fuska ta koma kamar an shafe ta da man shanu.

Fata ce ta fara ba ni wahala ta gaske. Kwalaben da aka rubuta wa "launin fata" a shagunan can galibi fatar Bature ake nufi. Da na rasa abin yi sai na ɗauko baƙi na shafa, ai kuwa sojan ya koma kamar gawayi, ba hanci ba kunci, rami kawai a ƙarƙashin malafa. Sai na ajiye burushi na dubi bayan hannuna a hasken rana. Babu baƙi ko ɗigo a wurin. Ruwan ƙasa ne mai duhu da ja-ja a cikinsa, inda haske ya sauka kuma yana komawa ruwan makuba. Daga nan na canza: in fara da ruwan ƙasa mai duhu da aka ɗiga wa ja, in zuba tsinkakken fenti mai duhu ya gangara cikin ramin ido da tsakanin yatsu, sannan in ɗora mai ɗan haske a karan hanci da ƙashin kunci da gaɓoɓin yatsu. Na kuma daina yi musu kala ɗaya. A kowace bataliya akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, kamar yadda za ka gani a sahun masallaci. Ido kuwa na haƙura da shi. Duk wanda na ɗiga wa fari sai ya yi zuru-zuru kamar ya ga aljani, kuma daga nisan da ake kallon su a tebur inuwar malafa ta wadatar.

Kakin ya zo da sauƙi. Kore ne na daji, wanda rana da gumi da wanki ke koɗar da shi ya koma toka-toka. Na haɗa kore kala uku, na rarraba, har wani rigarsa daban wandonsa daban. Akwai wata dabara da na so tun ranar da na koye ta: ka tsoma tsohon burushi a fenti mai haske, ka goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai a jiki, sannan ka riƙa sharar sojan da shi sama-sama. Abin da ya rage a gashin burushin sai ya kama tudun ninkin riga da bakin aljihu kawai. Minti biyu, riga ta fito.

To, sai maganar tsufar da su, wato sa musu datti da laka da alamar wahala. A nan ne na yi ɓarnar da Hajiya ta gani.

Na karanta cewa damina ta riske su a dajin tun daga watan Mayu, suna tafe cikin taɓo, ga zazzaɓi, ga yunwa. Sai na ce bari in nuna wahalar nan baki ɗaya. Na goga allin zane mai ruwan ƙasa a kan sanfefa ya zama gari, na kwaɓa da farin gam na kafinta da ɗan rairayi mai laushi, na bi su da shi tun daga takalmi har kafaɗa. Bindigogi na sa musu tsatsa. Jif ɗin kuwa na ɗiɗɗiga mata ruwan goro da soso ta ko'ina, har ta koma kamar wadda aka jawo daga Panteka. Da na jera su a tebur na ja da baya, sai na ga dunƙulen ƙasa goma sha biyu. Koren da na sha wahalar haɗawa ya ɓace, fuskokin sun ɓace, ba ka bambance mai ɗauke da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Bren da mai riƙe da adda.

Abin da ya gyara mini ido ba a littafi na same shi ba. Wata rana bayan an ɗauke ruwa na tsaya a bakin kasuwa ina jiran mota, sai na kama kaina ina kallon ƙafafun masu turin baro. Lakar ba ko'ina take ba. A takalmi da ƙasan wando tana da kauri, tana da duhu, tana sheƙi saboda danshi. Daga ƙwauri zuwa gwiwa ta fara bushewa, ta yi haske, ta zama ɗigo-ɗigo na fantsama. Sama da nan babu, sai a gwiwa idan mutum ya durƙusa, da gefen cinya inda yake goge hannu. Rigar kuwa gumi ne ya yi mata aiki: duhu a tsakiyar baya da hammata, da wani farin layin gishiri a gefen inda ya bushe. Na tsaya ina ta kallo har wani ya ce, "Alhaji, kaya ne?"

Da na koma gida na zuba sojojin nan goma sha biyu a cikin kwalbar Dettol, suka kwana biyu. Yana narkar da irin wannan fenti ba tare da ya ci robar ba. Sai dai a kula, a goge su da tsohon burushin haƙori tun suna cikin Dettol ɗin, a sa sabulu, kafin ruwa ya taɓa su. Na farko da na kai bakin famfo kai tsaye, fentin ya koma danƙo ya manne mini a yatsu.

A zagaye na biyu, kafin in sa wa soja ko ɗigon laka sai in tambayi kaina me ya yi yau. Wanda yake durƙushe yana harbi, gwiwa ɗaya da kan takalmi. Wanda yake kwance da Bren, ciki da gwiwar hannu. Mai jan alfadari ya fi kowa ɓaci, don dabbar tana fantsama masa, ita kuma na kai mata laka har ciki na bar bayanta da ƙura kawai. Af, alfadaran nan an yi musu aiki a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin runduna, abin da duk lokacin da na ɗauki nawa sai na tuna. Laka kala biyu nake haɗawa yanzu, mai haske a fara sawa a sama, mai duhu a bi ta ƙasa, sannan a ɗiga wa mai duhun ɗan man sheƙi. Fantsama kuwa, in tsoma burushi mai tauri in ja gashinsa da farce ya watsa, amma sai na rufe rabin sojan na sama da takarda.

Tsatsar bindiga na cire ta gaba ɗaya. Soja zai iya kwana da yunwa, rigarsa ta yage, amma bindigarsa tana shan mai, don ransa a kanta yake. Abin da nake yi shi ne in goga bakin fensir a kan ƙarfen inda hannu ke yawan taɓawa, sai ya ba da wani ɗan ƙyalli na ƙarfen da ya sha riƙo. Haka bakin adda. Jif ɗin ma na sake ta: motar da ba ta shekara a fagen daga ba ba ta ruɓewa. 'Yan ƙujewa a inda ake taka ƙafa a shiga, da gefen bonet, da laka a tayoyi da ƙarƙashi, shi ke nan.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗin da ba wanda ya gaya mini a Ingila. Da hunturu fenti yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin soja, ƙura kuma tana sauka a kan ɗanyen fenti. Maganin da na samu shi ne robar bota da jiƙaƙƙen soso a ciki, in shimfiɗa takardar gashin burodi a kai in riƙa haɗa fenti a nan, yana kai wa awanni bai bushe ba. Wanda na gama kuma in kifa masa kofi. Damina ta fi mugunta. Na fesa wa mutum takwas man kariya na ƙarshe a wata ranar Agusta da hadari ya haɗu, kafin in juya duk sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, saboda danshin iska ya shiga cikin feshin. Na yi zaune na rasa ta cewa. Da ƙyar na ceto su da shafa mai sheƙi da burushi, bayan ya bushe na bi da marar sheƙi. Tun daga ranar, idan sama ta yi nauyi gwangwanin feshi ba ya fita daga kabad, kuma ko da rani sai na gwada a jikin cokalin roba tukuna.

Wata bakwai na yi kafin in gama mutum 30 ɗin. Ba su kai na gwanayen da ke shiga gasa ba, kuma idan ka kawo su kusa da ido za ka ga inda hannuna ya yi rawa a igiyar jaka. Ɗan yayata ne abokin wasana yanzu, shi yake riƙe Japanawa, waɗanda har yau rabinsu ruwan toka ne ba fenti, yana ta yi mini gori, "Kawu, yaushe za a ba nawa kaya?"

Da Hajiya ta sake zuwa na miƙa mata mai jan alfadarin ban ce komai ba. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Ta ce lokacin tana yarinya akwai wani tsoho a unguwarsu da ake ce wa ya je Bama, ba ya son a tambaye shi labarin, amma idan aka fara ruwan sama mai ƙarfi sai ya tashi ya shige ɗaki. Ta ajiye sojan a hankali kusa da alfadarinsa, ta ce, "Wannan ya sha tafiya. A ina ka samo masa irin wannan malafar?"