Lahadin da shayin Chacha ya huce

Karachi, Lahadi 26 ga Mayu, 2024

Zafin yau ba a magana. Tun da hantsi aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, na fito da bokiti zan yi wankin da na tara na mako biyu. Ko sabulu ban jiƙa ba sai ga jikan mai gidanmu ya hau bene a guje, wai kakansa na kirana.

Chacha nake ce wa mai gidan, wato baffa, shi kuma ya ce mini beta, ɗana. Na same shi a kan kujerarsa ta kullum, waya a hannu, shayin madara a gefe har ya yi fata a sama. Mutumin da ba ya bari shayi ya huce ko ana gobara.

"Beta, zauna," in ji shi. "Talat Sahab ya rasu."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban tambayi wane Talat ba, don a gidan nan Talat ɗaya ne. Talat Hussain, ɗan wasan rediyo da talabijin, ya cika yau a wani asibiti a nan Karachi yana da shekara 83, bayan doguwar jinya.

Sai da na zauna na gane abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Lokacin da na zo garin nan karatu, ina taƙama na iya yarensu, tunda na tashi da kallon finafinan Indiya kamar kowane yaron Kano. A makon farko Chacha ya saurare ni ina ciniki da mai kayan miya, ya yi dariya har da tari, ya ce wannan yaren 'yan tasha ne. Da dare ya kira ni ya kunna mini wani tsohon wasan PTV, gidan talabijin na gwamnati, ya ce in ina son Urdu ta gaske, in zauna in saurari wannan mutumin. Kusan wata shida muna haka bayan sallar isha'i. A bakin Talat na fara jin kalmomin da muke da su a gida suna fitowa da wata kama: khabar, labarinmu ke nan, waqt, wato lokaci, duniya kuwa duniya ce. Duk Larabci ne ya raba mana gado.

Abin da ya sa ya yi mini sauƙin koyo shi ne abin da wasu ke zolayarsa da shi: ba ya gaggawa. Zai ɗauko magana, ya kai tsakiya, ya yi shiru, ya kalli gefe, sai ka ɗauka ya manta, sannan ya ajiye sauran a hankali da wannan muryar tasa mai kauri. Masu barkwanci sun daɗe suna kwaikwayon wannan shirun. Ni kuwa a cikin shirun nake samun damar juya kalmar da ta wuce in gane ta kafin ta gaba ta iso.

Yau Chacha ya ba ni tarihinsa kamar mai karanta na ɗan'uwansa. A Delhi aka haife shi a 1940, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Karachi bayan raba Indiya da Pakistan a 1947. Nan ne abin ya haɗu da na Chacha, don su ma daga Delhi suka zo, yana goye. Irin waɗannan ake kira Muhajir, kuma su ne Urdu take harshen uwa a gare su. Mutane da yawa a gida ba su san cewa duk da Urdu ce harshen ƙasa, waɗanda suka sha ta a nono ba su kai ɗaya cikin goma na 'yan Pakistan ba. Saura Punjabi ne, Pashto, Sindhi da sauransu. Saboda haka wanda ya iya furta ta tsaf a rediyo, malami ne ga ƙasa baki ɗaya ko bai taɓa riƙe alli ba. Mahaifiyar Talat ma ma'aikaciyar Rediyo Pakistan ce, shi ma ta rediyon ya fara kafin talabijin ta zo ƙasar a 1964.

A 1972, yana da suna a gida, ya tattara ya tafi Landan ya koma ɗalibi a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta LAMDA. Wannan ya burge ni. Mutum ya haura talatin, ana gane shi a titi, ya yarda ya je a ce masa bai iya tsayuwa ba. Da ya dawo ya yi wasannin da tsofaffi ke lissafawa har yau, irin su Bandish da Kashkol. Turawa sun san shi a Traffik, wasan talabijin na Birtaniya na 1989, inda ya fito a babban dillalin ƙwaya. Har Norway ta ba shi lambar Amanda a 2006 saboda wani fim da ya yi a can. Gwamnatinsu ta ba shi Pride of Performance a 1982, sai Sitara-i-Imtiaz a 2021. Chacha bai damu da lambobin ba. Abin da ya riƙe shi ne mutumin ya karanta fassarar Alƙur'ani da Urdu an naɗa, kuma marigayiya matar Chacha ita take saurara kowane Ramadan.

Da la'asar wuta ta dawo, muka kunna talabijin. Kowace tasha hotonsa. Manyan 'yan siyasa sun aiko da ta'aziyya irin wadda aka saba, ban tsaya a kansu ba. Waɗanda suka riƙe ni su ne matasan 'yan wasa da ke kiransa ustad. Ya koyar a NAPA, makarantar wasan kwaikwayo da kiɗa da babban ɗan wasa Zia Mohyeddin ya jagoranci kafawa a 2005, a tsohon ginin Hindu Gymkhana. Na sha wucewa ta gabansa a cikin rikisha, mai ƙananan ƙubbobi irin na zamanin Mughal, ban taɓa shiga ba. Can ne tsofaffin hannu irinsa da Rahat Kazmi suka zauna da yara suna gyara musu harshe da numfashi.

Nan tunanina ya tsallaka gida. A Nuwamban bara muka rasa Samanja, Usman Baba Pategi, wanda shi ma rediyo da talabijin na Kaduna suka haifa. Da ya rasu an yi ta yaɗa gutsattsarin wasanninsa a Facebook, an yi dariya an yi addu'a. Amma ni abin da ya tsaya mini a wuya yau shi ne, irin su Samanja da Ƙasimu Yero sun cancanci a ba su aji da ɗalibai, a biya su su zauna su zuba abin da ke kansu. Yaranmu na Kannywood yawancinsu a bakin kyamara suke koyo, kowa da sa'arsa. Na faɗa wa Chacha haka, ya ce kada in yi saurin yaba musu, su ma sai da aka shekara arba'in da talabijin kafin su farga.

Sai ya fara ƙirga manyan 'yan wasansu da suka rasu da yatsu. Zia Mohyeddin, Fabrairun 2023. Qavi Khan, watan da ya biyo. Shakeel, Yuni. Yanzu Talat. Ya tsaya a yatsa na huɗu bai ƙara komai ba.

Jikan nasa, ɗan shekara goma sha biyu, ya tambaya wai wane ne wannan tsohon da ake ta nunawa. Na ɗauka Chacha zai yi faɗa. Sai kawai ya matsa masa wuri, ya ce in nemo Kashkol a YouTube. Hoton ya dusashe, sautin na ƙara kamar ana soya ƙosai. Da Talat ya kai tsakiyar wata magana ya yi shirunsa, yaron ya miƙa hannu zai taɓa wayar, wai intanet ta tsaya.

"Bar shi," in ji Chacha. "Yana zuwa."

Sai bayan magariba na koma sama. Wankin na nan a bokiti, gobe kuma ina da lacca ƙarfe takwas, rigar da ta rage mini mai tsabta ɗaya ce. Allah Ya jiƙan Talat Hussain, Ya sa ya huta.