Kiwon kifin tang a Legas: wuta, tsawon tanki da killacewa

Tang kifin ado ne na ruwan gishiri, kuma waɗanda ake gani a shagunan kifin ado a Legas galibi jarirai ne, ba su wuce tsawon yatsa ba, shi ya sa mai tankin lita 150 ke ganin ai zai ɗauka. Ba zai ɗauka ba. A teku wannan kifi wuni yake yana zirga-zirga a kan duwatsun murjani yana tsinkar gansakuka, kamar akuyar da aka saki a makiyaya, kuma ɗaurin talala ba ya yi masa. Abin da za ka fara aunawa shi ne tsawon tanki, kafin yawan lita.

Ƙananan cikinsu, wato kole da tomini, suna tsayawa ne a wajen santimita 15 zuwa 18, kuma tanki mai tsawon santimita 120, lita 280 zuwa sama, ya ishe su. Rawayan nan da kowa ke so, Zebrasoma flavescens, yana kai santimita 20. A ba shi tsawon santimita 150, kusan lita 400. Shuɗin mai rawayar jela, Paracanthurus hepatus, yana kai 30, kuma ƙasa da santimita 180 zalunci ne. Akwai ma ɗan gida, Acanthurus monroviae, da ke rayuwa a tekun Afirka ta Yamma, amma yana wuce santimita 40, don haka a bar shi inda yake. Mai farawa, tomini ko kole zan ce ya saya. Ba su da ƙyallin sauran, amma sun fi haƙuri, kuma suna share duwatsu tas. Rawayan ya yi tsada tun da kotu ta dakatar da kamun kifin ado na kasuwanci a Hawai ta Amurka, inda aka fi kamo shi, a farkon 2021. An dai fara samun nasarar hayayyafa shi a tanki a 2015, kuma irin wannan haihuwar gida ya fi saurin karɓar abinci.

Mai zama a bene ya tuna cewa tankin lita 400, da gilashinsa da duwatsu da yashi, ya haura rabin tan.

Abin da ya fi kashe tang a garin nan wuta ce. Kifi ne mai yawan iyo, yana shan iskar oksijin fiye da maƙwabtansa, ruwan gishiri kuma bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, ruwa mai ɗumi ma ya fi kasawa. Idan NEPA ta ɗauke da dare, famfuna suka tsaya, saman ruwa ya kwanta lumui, sa'o'i kaɗan sun isa ka ga tang a can sama yana haki, ko ya kwanta ta gefe a kan yashi, alhali ƙananan kifaye na yawonsu. Saboda haka kafin kuɗin kifi, a ware na inbata da batir. Ba dole ne su ɗauki komai ba. Fitila za ta iya kwana biyu a kashe ba tare da murjani, halittar teku mai rai da ake kiwo tare da kifin, ya mutu ba. Abin da ba zai tsaya ba shi ne famfon da ke kaɗa ruwa a cikin tanki, wanda yawancinsu wat 10 zuwa 25 kawai suke ci. A juya bakinsa sama yadda zai riƙa yamutsa fuskar ruwan. A ƙara da ɗan injin kumfa mai batir, irin wanda ke tashi da kansa da zarar wuta ta tafi. Janareto kaɗai ba abin dogaro ba ne, don sai an farka an tayar da shi.

Zafin da ake so digiri 24 zuwa 26 ne. A watannin Fabrairu zuwa Afrilu, falon da babu na'urar sanyaya ɗaki yana iya tura tanki zuwa 30, ga zafin famfuna da fitila a kai. A nan murjani ke fara kwailewa ya yi fari, kifi kuma garkuwar jikinsa ta yi rauni. Fanka da ke busa saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, sai dai laimar Legas na rage mata ƙarfi, fankar kuma tana ƙara ƙafewar ruwa. Maganin gaske na'urar sanyaya ruwan tanki ce, ko ɗaki mai sanyi dare da rana. Ranar da abu ya ɓaci, a jefa robobin ruwa da aka daskarar, a rufe ruf, ɗaya bayan ɗaya, kada zafin ya faɗi da gudu.

Wani haɗarin kuma daga cikin gida yake fitowa. Sikima, na'urar da ke tatse datti ta hanyar kumfa, iskar ɗaki take zuƙa tana cusawa cikin ruwa. Duk abin da ke cikin iskar nan zai shiga: maganin sauro na fesawa, fiya-fiya, hayaƙin janareto, har turaren wutar uwargida. Maganin ƙwari guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Idan fesawa ta zama dole, a kashe sikima, a rufe tanki, a buɗe tagogi kafin a kunna.

Ga teku a bayan gida, amma ba a ɗiba. Ruwan lagun, babban tafkin nan na Legas, gauraye ne da na daɗi, ga ƙazantar gari, na bakin gaɓa kuma ba ka san me ya kwaso ba. Rijiyar burtsatse a yankin Lekki da Aja sau da yawa tana da sinadarin ƙarfe da gishiri-gishiri. A tace ruwa da matatar RO/DI, mai cire duk abin da ya narke a cikinsa, har ma'aunin TDS, mai auna abubuwan da suka narke, ya nuna 0, sannan a zuba gishirin tanki na musamman, giram 36 zuwa 40 a kowace lita gwargwadon kamfani, a bar famfo ya juya shi ya kwana. Rifiraktomita, ma'aunin yawan gishirin ruwa, ta nuna 1.025 ko 1.026. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan da ya ƙafe kuwa da tataccen ruwa zalla ake cike gurbinsa, domin gishiri ba ya tashi sama. A gwajin sinadaran da kashin kifi ke haifarwa, amoniya ta nuna 0, naitiret ƙasa da 10, a kuma sauya kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako. Sabon tanki na buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya ɗauki kowane kifi, tang kuwa gara a jira wasu watanni duwatsu su yi abin tsinka.

Tang ba shi da kaurin majinar jiki irin ta wasu kifaye, shi ya sa cutar fararen ɗigo ke kama shi da wuri. Ɗigon, masu girman ƙwayar gishiri, sukan ɓace bayan kwana 3 zuwa 7, mai kifi ya ce an warke. Ƙwayar cutar ce ta sauka ƙasa ta yi ƙunshi, tana hayayyafa, za ta dawo ɗaruruwa. Ƙunshin na iya kai kwana 72 bai fashe ba, shi ya sa idan cutar ta shiga babban tanki sai an kwashe duk kifaye an bar shi kwana 76 babu ko ɗaya. Wannan wahala ta fi ƙarfin killacewar wata guda tun farko. Tankin killacewa lita 80 zuwa 100 ne, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba na ɓuya, matatar soso da kumfa. Maganin jan ƙarfe ake sawa kwana 30: samfurin Copper Power a 2.0 zuwa 2.5 ppm (kashi cikin miliyan), samfurin Cupramine kuwa a 0.5. A ɗaga shi sannu a hankali cikin 'yan kwanaki, a riƙa aunawa, don idan ya sauka ƙasa da ƙa'ida lissafi ya koma farko. Ko ɗigo ɗaya na maganin kada ya shiga tankin murjani: yana kashe murjani da dodon koɗi, dutse kuma yana shanye shi ya riƙa amayarwa daga baya. Idan kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gari, yana numfashi da sauri yana tsayawa a bakin famfo, wannan wata cutar ce da ta fi muni, tana kisa cikin kwana biyu, kuma ba a jira gobe.

Abincinsa ganye ne. Nori, busasshen ciyawar tekun da ake naɗe sushi (wani abincin Japan) da ita, ana samunta a manyan kantunan Ikoyi da Victoria Island. A zaɓi wadda ba gishiri, ba mai, ba yaji. A maƙala guntu mai girman katin ATM a jikin gilashi kullum, a cire ragowar da yamma, a haɗa da ɗan daskararren jatan lande na mysis. Ciki ya kasance a cike. Idan bayan kai ya lotsa, yunwa ta daɗe. Ramuka a fuska da gefen jiki kuwa ana danganta su da ƙurar gawayin tace ruwa da ƙarancin abinci mai gina jiki, don haka a wanke gawayi sosai kafin a sa.

A gindin jelarsa, kowane gefe, akwai ƙaya mai kaifin aska. Da ita yake saran abokin faɗa, musamman wani tang mai irin siffarsa ko launinsa. A ƙasa da lita 500, guda ɗaya ya isa, kuma shi za a sa a ƙarshe bayan sauran sun kama wuri. Idan ya matsa wa baƙo, a jingina madubi a jikin gilashi kwana biyu, ya shagala da faɗa da inuwarsa. Wajen kamawa kuma ba a sa raga, ƙayar na sarƙewa ta yage. A kora shi cikin roba mai murfi, hannu kuma ya yi nesa da jelar.