Wanne manomin? Aikin da ya kai ni gonakin audugar Arkansas

Ni dai gaskiya da farko ban ɗauki aikin nan bakin komai ba. Kwas ne na tarihin manufofin noma, don cike gurbi na ɗauke shi, malamar ta ce kowa ya zaɓi jiha ɗaya a kudancin Amurka ya rubuto yadda manomanta suka ji a jikinsu lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, da abin da gwamnati ta yi musu. Na ce a ba ni Arkansas don ita ce kusa da ni, ba wai wani dalili ba. Af, sunan ma Akanso ake faɗa, na fi wata biyu ina ƙara masa "sas" a ƙarshe kafin wani direban bas ya gyara min.

Sati biyu na gama, ina ta jin kaina. Na jero komai tsaf. Ambaliyar kogin Misisifi ta 1927, sai farin 1930 da ya ƙone masara da lambuna, sai auduga da ake sayar da laba wajen santi 16 a 1929 ta rikito ƙasa da santi 6 a 1931, ga bankunan jihar da suka riƙa rufewa a jere a watan Nuwamban 1930 da kuɗin mutane a ciki. Daga nan Roosevelt ya hau shugabancin ƙasa a 1933, aka yi dokar daidaita harkar noma da ake kira AAA, gwamnati ta biya manoma su rage noma, farashi ya ɗago. Na rufe da cewa tallafin ya ceci manoman Arkansas. Shikenan na miƙa.

Takardar ta dawo da jan biro a ƙasan wannan jimlar tawa ta ƙarshe, tambaya ɗaya tal: wanne manomin?

Na ji haushi wallahi. Na je ofis ɗinta na ce malama ai alƙaluman na gwamnati ne, ba ni na ƙirƙiro su ba. Ta ce ta sani, amma in je in gano hannun wa cak ɗin ya shiga, in ina da hali ma in taka ƙafa in ga wajen. To abin ya tsaya min a rai, ranar wata Asabar cikin kaka na ari motar wani abokina na kama hanya.

Na fara da wani ƙaramin gari da ake kira England, ba Ingila ta Turai ba fa, gari ne a gundumar Lonoke, bai kai tafiyar awa ɗaya daga Little Rock, babban birnin jihar, ba. Ƙasa shimfiɗe kamar faranti, ga manyan dunƙulen auduga an naɗe da leda ruwan ɗorawa an jera a bakin gona, ga ɓarɓashin fari-fari da iska ta watsa gefen titi. Sai da na tsaya na ɗauki kaɗan na murza, don sak hanyar Funtuwa lokacin kaka, babanmu ya yi noman auduga shekara da shekaru.

A garin nan ne ranar 3 ga Janairun 1931 wani manomi ɗan haya mai suna Coney ya loda maƙwabtansa kusan hamsin a mota suka shigo neman abinci, bayan wata maƙwabciyarsa ta zo ta ce masa yaranta sun kwana biyu ba su sa komai a baki ba. Sun zo sun tarar ofishin Red Cross ba fom, fom ɗin da za a cike a ba ka abinci ya ƙare. Mutane suka yi ta taruwa har suka kai ɗaruruwa, ƙarshe dai 'yan kasuwar garin ne suka buɗe kantuna aka raba abinci. Ba a harbi kowa ba, amma jaridu suka buga shi a matsayin tarzoma, ƙasa ta ɗauka. Ni kuma a takardata ta farko "tarzomar England" na rubuta kai tsaye, don haka na gani a kanun labari, ban ma tambayi kaina wa aka fasa wa kai ba. Tun daga ranar in na ga kalma mai zafi a tsohuwar jarida sai na nemi abin da mutanen wajen suka faɗa da bakinsu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na Hoover, shugaban ƙasa na lokacin kafin Roosevelt. Shi a ganinsa gwamnatin tarayya ba ta raba abinci, wai zai kashe wa mutane zuciya, a bar wa Red Cross da maƙwabta. Majalisa ta ware dala miliyan 45 a Disambar 1930, amma rance ne na iri da taki da abincin dabbobi, kuma sai kana da abin jingina. Wato alfadari zai ci, mai alfadarin ya jira. Sanata Joe Robinson, ɗan Lonoke ne ma shi, ya yi ta faɗa a kan haka kafin a ƙara miliyan 20 a Fabrairun 1931.

Amma amsar malamata a Tyronza na same ta, can gabas wajen Memfis. Akwai ɗan gidan tarihi a cikin ginin da H. L. Mitchell yake wankin kaya, Clay East kuma yake sayar da mai, su ne suka jagoranci kafa ƙungiyar manoma 'yan haya a Yulin 1934, mutum 18, farare 11 baƙaƙe 7 a ɗaki ɗaya, a kudancin Amurka na wancan zamani fa, wannan kaɗai ya isa a yi maka dukan kawo wuƙa, kuma an yi wa da yawansu. A nan na fahimci cewa kalmar "manomi" da nake ta rubutawa mutum biyu ne, kuma ba cikin kwano ɗaya suke ci ba. Akwai mai gona, akwai mai noman kashi-mu-raba. Shi na biyun ba shi da ƙasa, ba shi da alfadari, ba garma, sai ƙarfinsa da na matarsa da 'ya'yansa. Tun bazara yake cin bashi a kantin mai gona, garin masara da kitsen alade da ruwan rake, abincin kenan kullum har ciwon nan na rashin gina jiki mai saɓule fata ya kama su, in kaka ta yi a raba auduga biyu, mai gona ne ke sayarwa, shi ne ke riƙe da littafin bashi, shi ne ke lissafi da ruwa a kai, sai a ce maka bana ma ba ka fita ba. Mai dokar barci kenan.

To sai ga AAA. A damunar 1933 aka ce a bi audugar da ta riga ta fito da garma a kife ta, wajen eka miliyan 10 a faɗin kudu. Har labari ake cewa alfadarai sun riƙa turjewa, don duk rayuwarsu duka suke sha in sun taka kunya, yau kuma an ce su bi ta kai. Cak ɗin gwamnati kuma da sunan mai gona yake zuwa, shi ake sa ran zai ba ɗan haya kasonsa. Wasu sun bayar. Da yawa sai suka ce an cire a bashi. Kwamitin gunduma da za ka kai ƙara kuma manyan masu gonakin ne zaune a ciki. Sannan tunda an rage gona me za a yi da iyalai goma in shida sun isa? Aka riƙa kora, wasu aka mayar da su 'yan ƙodago na kullum, kuɗin tallafin kuma wasu suka sayi tarakta da shi. Lauyoyin ma'aikatar gona da suka yi ƙoƙarin fassara yarjejeniyar ta yadda za a hana korar, su aka sallama daga aiki a Fabrairun 1935.

Kar in yi rashin adalci dai, ba duka ne ya lalace ba. Na biya ta Dyess, ƙauyen da gwamnati ta gina daga fadama a 1934, eka wajen 16,000, iyalai kusan 500 aka ba gida da gona da alfadari su biya a hankali, kuma mutane da yawa sun miƙe ta nan. Sai dai farare kaɗai aka ɗauka. Wannan ma ban sa a takardar farko ba, don rahoton da na karanta "iyalai mabuƙata" kawai ya ce.

Na dawo na sake rubutun daga tushe, sati uku ina fama. Duk inda na rubuta "an biya manoma" sai na tsaya na tambayi kaina sunan wa ke kan cak ɗin, wa ke riƙe da littafi, wa ke zaune a kwamiti. Ya rage min shafuka, don rabin abin da na cika takardar da shi yabon alƙaluma ne kawai. Wani kuskuren da na yi kuma, na tafi ranar ban duba lokacin buɗe wurare ba, na iso wani wajen an kulle, sai ta taga na leƙa, man motar mutane ya tafi a banza.

Daren da na miƙa na kira Baba a WhatsApp nake ba shi labari, na zaci zancen kife auduga da garma ne zai girgiza shi. Ya yi shiru yana ji har na kai ƙarshe, sai ya ce wannan littafin bashin, su 'yan hayan sun iya karatu kuwa? Na ce da yawansu ba su iya ba Baba, waɗanda suka iya ɗin ma ba su isa su ce a nuna musu ba. Ya ce uhm. Sai ya tambaye ni ko na ci abinci, ya miƙa wa Inna wayar.