Asabar ɗin gyaɗa mai sukari

Hazo ya sauka sosai a Zariya yau, har ƙarfe tara rana ba ta fito da ƙarfinta ba. Da na sallami yara Islamiyya na gama shara, sai na jawo buhun gyaɗar da Gwaggo ta aiko mana daga ƙauye. Ta kakar bana ce, 'yar Dakar, mai ƙananan ƙwayoyi. Yawancinta za a kai inji a yi ƙuli da mai, amma na ɗebi gwangwani 4 na ajiye gefe, saboda yaran nan sun daɗe suna roƙona gyaɗa mai sukari irin wadda ake ƙullawa a leda a bakin makaranta. Ba na jin daɗin su riƙa sayenta. Dalilina ɗaya ne: in sukari ya lulluɓe gyaɗa, ba mai iya sanin mai kyau ce a ciki ko ruɓaɓɓiya.

Shi ya sa tsintar ta fi cin lokacina a kan dafawar. Na shimfiɗa tabarma inda rana ke ɗan taɓawa, na zuba gyaɗar a faifai na bakace, sannan na bi ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi wani kore-kore a tsagarta, na fitar. Irin wannan ce in ka tauna sai ɗaci ya cika maka baki. Ɗacin ma da sauƙi. Gyaɗar da aka adana ba ta bushe ba tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da gubar da likitoci ke kira aflatoksin, wadda ke illa ga hanta, ga yara kuma tana tauye girma. Suya ko dafuwa ba sa kawar da ita yadda mutane ke zato. Mai sana'a da ta auno tiya goma da kuɗinta, da wuya ta zubar da ko cikin tafi, kuma na fahimci halin da take ciki. Ni dai tawa ta gida ce, na zubar da abin da ya kai cikin tafin hannu biyu, ban ba kaji ba ma.

Kayan ƙamshi na daka su tun kafin in ɗora tukunya. Busasshiyar citta yatsa biyu, kanumfari guda 6, ɗan guntun kirfa, masoro kaɗan, sai barkono ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Cittar nan da a da ake ba ka gyara a kasuwa, yanzu sai ka yi ciniki a kanta. Tun da cuta ta faɗa wa gonakinta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023 farashinta ya yi tsalle, alhali daga can kudancin Kaduna mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa. Na tankaɗe garin da rariya mai laushi don kada zaren citta ya maƙale wa yara a haƙori, na haɗa da gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin nan kada a raina shi, shi ne ke hana zaƙin ya ginshi mutum.

Awon da nake bi ba ya sauyawa: gyaɗa gwangwani 4, sukari 2, ruwa 1. Ɗanyar gyaɗa ake zubawa da jan ɓawonta, domin a jikin ɓawon sukarin yake samun wurin kamawa. In aka murje ta tas, sai ya riƙa zamewa ya taru a gindin tukunya. Tukunya mai kauri na ɗauko, irin ta dalma, na ɗora a kan gas da matsakaiciyar wuta.

Minti goma sha biyar na farko babu wani abin kallo. Ruwan yana tafasa, yana yin ja saboda ɓawon, kana juyawa jifa-jifa. Daga nan sai kumfar ta yi kauri, muciya ta fara nauyi a hannu. Sai kuma a lokaci guda ruwan ya ƙafe, sukarin ya koma fari, ya bushe ya zama kamar rairayi, kowace ƙwaya ta yi furu-furu. A nan ne mutane da yawa ke tsorata su ƙara ruwa, wasu kuma su sauke. Masu sayarwa ma galibi a nan suke tsayawa, shi ya sa tasu take da farin ɓarɓashi. Tana da daɗi, amma ni mai sheƙi nake so, kuma gyaɗar ba ta gama soyuwa a ciki ba tukuna.

Na rage wuta sosai, na barbaɗa garin ƙamshin. Sai a wannan gaɓar nake zuba shi, don kanumfari da kirfa in suka daɗe a wuta ƙonewa suke su yi ɗaci. Daga nan hannu ba ya barin muciya. Busasshen sukari yana sake narkewa in zafi ya kai wajen digiri 160, ya fara yin ruwan zuma daga ƙasan tukunya, kai kuma aikinka ka riƙa kwaso shi kana shafa wa gyaɗar da ke sama. Tsakanin ruwan zuma da baƙin ƙonewa bai fi minti ɗaya ba. Wayata ta yi ta ƙara a ɗaki, na ƙyale ta.

Ina cikin haka Hajiya ta maƙwabta ta yi sallama. Ta ce, “Maman yara, me ake toyawa ne haka? Ƙamshi har ɗakina.”

Na ce, “Sannu da zuwa Hajiya, bismilla ga kujera. Ki yi mini haƙuri ba zan iya sakin muciyar nan ba.”

Ta leƙa tukunyar ta ce in sauke haka, zafin tukunya zai ƙarasa sauran. Gaskiyarta ne. Na juye a faffaɗan tire da na shafa wa man gyaɗa, muka bi da cokula biyu muna rarrabawa kafin ta daskare ta zama dunƙule. Da hannu ba a taɓa ta, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa, kuma in ya taɓa fata mannewa yake. Hajiya ta ce su a zamaninsu da mazarƙwailar Maƙarfi suke yi, tana ba da duhun launi da wani ɗanɗano na rake da farin sukari ba shi da shi, sai dai ta fi saurin kamu. Na roƙe ta ranar da za ta yi ta kira ni in tsaya a kanta.

Sai da ta huce sarai sannan ta yi ƙaras-ƙaras, da zafinta laushi gare ta. Zaƙi ne ke fara zuwa, sai gishirin, can daga baya citta da masoro su ɗumama maƙogwaro. A sanyin nan abin ya dace ƙwarai. Hunturu kuma shi ne lokacinta, don iska a bushe take. Da damina sukari yana jan laima, kwana biyu sai ka tarar ta yi danƙo ta manne da juna.

Yara suka dawo da azahar, na auna wa kowa a murfin kwano, autana ya ce tasa ta fi yaji amma bai bar ko ɗaya ba. Bayan magariba na kai wa Baba tasa da shayi. Ya tauna a hankali, ya tambayi daga gonar wa ta fito. Daga nan hira ta kai shi 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa har manoma da yawa suka koma dawa da gero, da yadda daga baya cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da iri masu jure cutar. Ya ce a gaya wa Gwaggo ta bar shanya a ƙasa, ta samu leda ko tabarma. Na ce zan faɗa mata gobe in mun yi waya.

Sauran na ɗura a kwalabe biyu masu murfi, busassu. Ɗaya ta gida, ɗaya kuma ƙanina zai tafi da ita makaranta ranar Litinin, na riga na rubuta sunansa a jiki don kada yaran nan su buɗe.